AMSAR WASIƘUNKU: Wace Taya Ta Dace Da A-Kori-Kura Mai Jan Tirela?

 

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, daga hannun wani bawan Allah manomi kuma ɗan kasuwar shinkafa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce yana da a-kori-kura ƙirar Hilux, kuma ya sa mai walda ya haɗa masa tirela mai ƙafa biyu. Da ita yake kai taki da injin ban ruwa fadama, in an yi girbi kuma ya kwaso samfarera zuwa Argungu ko Birnin Kebbi. Ya ce a bazarar da ta wuce sau biyu tayar baya tana fashe masa, na biyun ma saura ƙiris motar ta kife da yaransa biyu a kan kaya. Mai sayar da taya ya ce masa ya sayi mai faɗi mai manyan zane irin ta jif. Mai faci kuma ya ce ya riƙa rage iska saboda zafin kwalta. Shi ne yake tambaya, maganar wa zai ɗauka?

To Malam, sannu da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Amsar a taƙaice ita ce kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Faɗin taya da kyan zanenta ba su ke nuna ƙarfinta ba. Kowace taya akwai iyakar nauyin da aka yi ta don ta ɗauka, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta wannan iyaka a gefenta. Abin da ya rage maka shi ne ka iya karanta rubutun, sannan ka san nauyin da kake ɗora mata.

Yadda ake karanta gefen taya

Ka samo ruwa da tsumma ka goge gefen tayarka. Za ka ga rubutu irin wannan: 195R14C 106/104Q 8PR. Wannan girma ne da aka saba gani a tsofaffin a-kori-kura da ƙananan bas-bas. Lamba 195 faɗin tayar ne a milimita, 14 kuma girman rim ne a inci. Harafin C na nufin taya ce ta motar kaya. A wasu tayoyin, musamman waɗanda aka yi don kasuwar Amurka, haruffan LT za ka gani a maimakonsa, ma'anar dai kusan ɗaya ce. In babu C babu LT, to ta ƙaramar mota ce, kome ƙibarta.

Lambar da ta fi shafarka ita ce 106. Ita ce lambar nauyi. Ba kilo 106 take nufi ba, akwai jadawali da masu yin taya na duniya suka amince da shi. Ga kaɗan daga ciki, ka kwafa ka ajiye a mota:

Lamba 91, kilo 615.
Lamba 100, kilo 800.
Lamba 102, kilo 850.
Lamba 104, kilo 900.
Lamba 106, kilo 950.
Lamba 110, kilo 1,060.
Lamba 112, kilo 1,120.
Lamba 115, kilo 1,215.
Lamba 120, kilo 1,400.

Wannan nauyin taya guda ne. In ka ga lamba biyu a haɗe, kamar 106/104, ta farkon ita ce taka. Ta biyun ta mota ce mai tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya, irin Kanta. Harafin da ke biye kuwa na iyakar gudu ne: N kilomita 140 a awa, Q 160, R 170. Wannan kada ya ɗauke maka hankali, mai jan tirela ba shi da abin yi da irin wannan gudu.

Sai kuma 8PR, abin da direbobi ke ce wa fulai takwas. A zamanin da ake yin taya da zaren auduga, ana ƙirga shimfiɗar zaren ne ɗaya bayan ɗaya. Tayoyin yanzu na waya ne da zare mai ƙarfi, don haka in ka yanka 8PR ba za ka tarar da shimfiɗa takwas ba, suna ne kawai na ajin ƙarfi. A tayoyin LT akan rubuta ajin da harafi: C fulai 6, D fulai 8, E fulai 10. Amma in ana ciniki, lambar nauyi ka riƙe, domin taya biyu na iya zama fulai takwas dukansu alhali nauyin da suke ɗauka ya bambanta saboda girma.

Nawa ƙafar baya take ɗauka?

Yanzu sai a jawo allo a yi lissafi. Alƙaluman nan misali ne, kai sai ka sa naka.

Mu ɗauka motarka ba kaya, tayoyin baya biyu suna ɗauke da kilo 750. Ka loda taki buhu 16, kowane buhu kilo 50, ka ga kilo 800 ke nan, kuma kusan dukansa a kan ƙafar baya yake zama. Yara biyu a kan kaya, a ce kilo 130. Sai tirela. Mutane da yawa suna zaton tirela ita ke ɗauke da kayanta gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Tirelar da aka loda daidai, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta yana sauka ne a kan ƙugiyar da ke bayan mota. In tirela da kayanta kilo 1,500 ne, aƙalla kilo 150 yana kan ƙugiya. Tun da kuwa ƙugiyar tana can bayan tayoyin baya, sai ta zama kamar ka danna hannun amalanke: gaban mota ya ɗan ɗaga, nauyin da ya bar gaba ya dawo baya. Kilo 150 ɗin nan sai ya koma wajen 200 a kan ƙafar baya.

A tara: 750 da 800 da 130 da 200, jimla kilo 1,880. A raba biyu, kowace taya kilo 940.

Ka gani ko? Taya mai lamba 106 tana ɗaukar 950, wato kilo 10 kacal ya rage mata, ga ramuka ga gargada ga kwana inda nauyi ke karkata gefe guda. In kuwa tayar ƙaramar mota ce mai lamba 91 aka maƙala maka don rim ɗinsu ɗaya, to kilo 615 ne iyakarta, kuma ƙa'idar masu taya ita ce in an sa irinta a motar kaya sai an sake rage mata wajen kashi 10 cikin 100. Ka ɗora mata 940. In ta fashe ai ba ta ci amanarka ba.

Shawarata ita ce ka bar rarar aƙalla kashi 10 cikin 100. A wannan misali sai ka nemi lamba 110 ko sama, kamar 205R16C 110/108, in motarka mai rim 16 ce. In kuwa rim 14 gare ka, kuma 106 ce mafi ƙarfi da ka samu, to sai ka rage buhu huɗu ko biyar daga bayan mota. In kana son sanin gaskiyar nauyinka, ranar da ka kai kaya inda ake auna mota a sikeli, kamar manyan kamfanonin casar shinkafa, ka roƙi arziki a bar ka ka hau da ƙafar baya kaɗai, tirela na ɗaure, ka rubuta abin da ya nuna.

Maganar iska

A nan ne mai facinka ya kauce. Iska ce ke ɗaukar kaya, taya mazubi ce kawai. Kusa da rim za ka ga ƙananan rubutu da ya fara da MAX LOAD, yana faɗin nauyin da adadin iskar da zai ɗauke shi. Ita 195R14C mai fulai takwas, kilo 950 ɗin nan sai da iska 65 a gejin mai faci. A tayoyin LT, fulai 6 yawanci iska 50 ce iyakarsa, fulai 8 iska 65, fulai 10 iska 80. In ka sayi taya mai ƙarfi ka ba ta iska 40, ka biya kuɗin jaki ka samu aikin tunkiya.

Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi. Wannan motsi shi ke haifar da zafi a cikinta, har roba ta rabu da waya, sai ka ji tau! A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a nan ƙasar Kabi, abin ya fi saurin faruwa. Saboda haka da sassafe ake gwada iska, kafin mota ta yi tafiya. In ka yi tafiya ka ga geji ya ƙaru, haka abin yake, kada ka sace iskar. Ka nemi inuwa ka huta, kai da tayar. In an sauke kaya za a dawo fanko, ana iya komawa ga adadin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba. Kuma in iskarka za ta wuce 65, ka sa a canza maka bawul zuwa na ƙarfe, ka tabbata rim ɗin ba tsagagge ba ne.

Taya ba ta ƙara wa mota ƙarfi

Kada wani ya ji wannan bayani ya ce shi ke nan, bari in sa fulai goma in loda yadda na ga dama. A jikin mota akwai ɗan faranti, a bakin ƙofa ko a wajen inji, da ke nuna iyakar nauyin motar, a wasu motocin har da na ƙafar gaba da ta baya. Sifirin da birki da rim duk suna da tasu iyakar, sabuwar taya ba ta canza ta. Tsakanin iyakar taya da iyakar mota, wadda ta fi ƙanƙanta ita ce dokarka.

Ita ma tirelar a duba ta. Galibin waɗanda masu walda ke haɗawa da ƙafar tsohuwar ƙaramar mota ake yinsu, kuma ba su da birki. A misalinmu tayoyinta biyu na ɗauke da kilo 1,350, kowace 675, ka ga ya wuce ƙarfin lamba 91. A sa mata masu harafin C ita ma. Wajen lodi, kaya su ɗan fi yawa a gaban ƙafarta. In nauyi ya koma can baya, sai ta kama wutsil-wutsil a kan titi har ta ja motar ta jefar. Kuma a sassauta gudu, domin birkin mota ɗaya ne ke tsayar da abu biyu.

Shekarun taya da tayar gwanjo

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, kasuwanninmu suka cika da tayoyin waje, masu kyau da marasa kyau, har da na gwanjo waɗanda shigo da su ya saɓa wa dokar kwastan. Ka nemi haruffan DOT a gefen taya, ka bi su zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. In lambobi uku ne, tun kafin 2000 aka yi ta, kada ka ko taya. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Lambar nauyi ta taya mai lafiya ce. Wadda gefenta ya tsattsage, ko ta yi ƙulu, ko aka yi mata faci a gefe, ba ta da sauran lamba, kada ta hau ƙafar baya. Tayoyin baya biyu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, lamba ɗaya, ta ajiya ma haka.

To Malam, in ka koma shago, kafin ka tambayi kuɗi ka durƙusa ka duba abu huɗu: harafin C ko LT, lambar nauyi, adadin iska, da shekarar da aka yi ta. Na san mai ƙarfi ta fi tsada, amma ka auna bambancin da kuɗin buhunan da za su watse a titi, balle rayukan yaran nan. Su ma ɗin, don Allah a dawo da su cikin mota.

Masu tambaya a kan injin ban ruwa da ke cin mai fiye da kima, mun ga wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare mu a hanya. Wassalam.