Ko Ka San Kyamara Ba Ta Ganin Bango Yadda Idonka Ke Ganinsa?

Duk tsadar kyamara, ba ta san farin bango fari ba ne. A cikinta akwai ma'aunin haske da aka gina kan zato guda: duk abin da ke gabanta, in aka haɗa haskensa da duhunsa, zai tashi ruwan toka tsaka-tsaki. Shi ya sa kamfanin Kodak ya daɗe yana sayar wa masu hoto wani kati ruwan toka, mai mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, domin su gwada kafin su danna.

Wannan zato ya shafi duk wanda ya ware ɗaki a gida ya mai da shi sutudiyo. Ka tsayar da mutum gaban bango fari fat, ka bar kyamara ta yanke wa kanta hukunci, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage. Bango ya dushe, fuska ta ƙara duhu. Mu da yawancinmu baƙar fata ne mun san wannan hoton: magidanci ya sha farar shadda ranar sallah, aikin wuyan riga ya fito raɗau, fuska kuwa sai ido da haƙora. Baƙin bango kuma akasin haka yake jawowa, kyamara ta ƙara haske har farin kaya ya wanke, zanen shaddar ya ɓace.

Sai batun launi. Haske ba ya tsayawa inda ya sauka, yakan bugi bango ya dawo ɗauke da launinsa. A ƙaramin ɗaki bango na kusa da mutum, don haka koren fenti zai shafa wa kunci kore, ja ya sa fuska ta yi kamar an daɗe a bakin murhu. Kai ba za ka lura ba, domin ƙwaƙwalwa na gyara wa ido launi nan take. Ita kuwa kyamara gyara ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya. In filasha ta haska kuncin dama, koren bango ya haska na hagu, ta daidaita ɗaya ta ɓata ɗaya. Haka abin yake in ka haɗa hasken taga, wanda da rana tsaka yake kusan 5,500 a ma'aunin launin haske na Kelvin, da tsohon ƙwan lantarki mai zare, mai kusan 2,700, wanda ke jan hoto zuwa ruwan ɗorawa.

Ga abin da ya sa ƙwararru ke son bango ruwan toka: bango ɗaya ne mai aikin uku. In ka ninka tazarar da ke tsakanin fitila da bango, hasken da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka janye mutum da fitila daga jikin bangon, ya yi duhu har ya kusa baƙi. Ka ba shi tasa fitilar mai ƙarfi, ya koma fari. Ka rufe bakin fitilar da leda mai launi irin ta masu hoto, ya ɗauki launin fiye da yadda farin bango zai ɗauka.

In ka je wurin mai fenti, nemi fentin ruwa marar sheƙi, domin fentin mai yakan mayar da filasha ta bar tabon haske a bayan kai. Silin kuwa a bar shi fari, ya watso haske mai laushi. Kada ka manta da ƙasa, jan kafet ma yana aika ja ƙarƙashin haɓa. Kuma ba kowane ruwan toka ne tsantsa ba, wani na ɓoye shuɗi, wani kore. Kafin ka sayi bokiti, shafa kaɗan a jikin katako, bari ya bushe, ka jera shi da farar takarda ka ɗauka da fitilar da za ka riƙa aiki da ita.