Musa Ma'azu, ɗan ci-ranin filin ƙwallo

Ranar 10 ga Oktoba 2010, a filin Janar Seyni Kunce na Yamai, Mena ta karɓi baƙuncin Misira, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere. Ƙwallo ɗaya tak ta shiga raga, kuma Musa Ma'azu ne ya zura ta. Daga Yamai har Buza, Madawa da Keita, duk mai rediyo ya haddace sunansa a ranar.

An haife shi a Yamai a 1988. Ya taka leda a Sahel da AS FAN, kafin Lokeren ta Beljik ta ɗauke shi a 2008. Can ya yi ta girgiza raga har CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009. Nan aka yi garaje: tun yaron bai kafu ba, aka shiga ba da shi aro, yau Monako, gobe Bordo. Daga nan ƙafa ba ta sake zama ba: Tunisiya, Purtugal, Sin, har Randers ta ƙasar Danmak a 2016, inda bai ko shekara ba.

A rigar Mena kuwa ya samu gida. A Satumba 2011 ya sake ci, aka doke Afirka ta Kudu 2 da 1. Nijar ta halarci kofin Afirka karo na farko a 2012, ta koma a 2013 yana kyaftin. Sai dai a wasanni shida na gasannin biyu, ƙwallo ɗaya Mena ta ci, ita ma ba tasa ba ce.