Almakashin da ke cikin jiki, da yaron da ya daina tafiya

Yaro ya fara tafiya, ya fara haɗa kalmomi, gida ya cika da murna. Kafin ya cika shekara biyu da rabi sai ya soma tuntuɓe ba dalili. Bayan 'yan watanni tsayuwa ta gagara, magana ta ɗauke, daga baya har haɗiyar abinci ta zama aiki. A garuruwanmu ba a rasa mai cewa iska ce ko sammu. Ɗaya daga cikin cututtukan da ke zuwa da wannan kama ita ce wadda likitoci ke kira MLD, kuma tushenta rashin inzayim guda ne daga dangin salfatas.

Inzayim sinadari ne da jiki ke ƙerawa don ya yi wani aiki takamaimai. Aikin salfatas kamar na almakashi ne: yana yanke ɗan guntun salfet, mai ɗauke da farar wuta, daga jikin kitse ko sukari ko sinadarin jinsi. Ɗan'adam yana da iri 17. Da yawansu suna zaune a laisosom, wata 'yar jaka a cikin ƙwayar halitta inda ake wargaza tsofaffin kaya don a sake amfani da su. Idan ba a cire guntun nan ba, sauran inzayim ba sa iya ci gaba da nasu aikin, sai shara ta yi ta taruwa.

A cutar MLD, almakashin da ya lalace shi ne arilsalfatas A. James Austin da Bimal Bachhawat ne suka gano haka a 1963, a aikin da suka yi a Vellore ta ƙasar Indiya. Kitsen da ba a wargaza ba yana cinye rufin jijiyoyi, kamar a ce ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki. Gadonta irin na sikila ne: uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gado mai lahani, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa auren zumunci ke ƙara haɗarin irin waɗannan cututtuka.

Cutar MLD tana da 'yan'uwa. Cutar Hunter, wadda aka fara bayyanawa a 1917, kusan maza kaɗai take kamawa, haka ma wata cutar fata mai sa jiki ya yi saɓa kamar ɓawon kifi.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan ya faru ne a 1968, a ɗakin binciken Elizabeth Neufeld a Amurka. An haɗa ƙwayoyin fatar masu cutar Hunter da na masu wata cuta makamanciyarta, Hurler, a mazubi ɗaya, sai duka biyun suka gyaru. Ashe kowane ɓangare yana fitar da inzayim ɗin da ɗayan ya rasa, maƙwabci kuma ya ɗauka, tamkar matan gida ɗaya masu aron gishiri da daddawa. A kan wannan aka gina maganin ƙarin inzayim ta jijiya, irin Elaprase da aka amince da shi a 2006 don cutar Hunter. Sai dai ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, kuma inzayim ɗin da aka zuba a jijiya ba ya tsallake shi yadda ake buƙata.

Sai masu bincike a asibitin San Raffaele da ke Milan ta Italiya suka bi ta wata ƙofa don cutar MLD. Suna ɗebo ƙwayoyin asalin jini na yaro mai cutar, su saka musu lafiyayyiyar ƙwayar gado, sannan su mayar masa. 'Ya'yan waɗannan ƙwayoyi suna shiga ƙwaƙwalwa su zauna, su riƙa raba wa maƙwabta inzayim. Tarayyar Turai ta amince da maganin, Libmeldy, a Disambar 2020. Amurka ta biyo baya a Maris 2024, a kan dala miliyan 4.25 ga yaro guda.

Kuɗin ya isa tayar da hankali, amma ni lokaci ne ya fi damu na. Maganin ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta lalace, don haka dole a ba da shi kafin alamu su bayyana, ko suna farawa. A 2023 an ba da labarin wani iyali a Ingila mai 'ya'ya mata biyu. Ciwon babbar ne ya sa aka gwada ƙaramar, aka same ta da cutar, aka yi mata magani tana jaririya. Babbar kuwa lokacinta ya riga ya wuce. Saboda irin wannan ne wasu ƙasashe suka soma neman cutar a ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigen jariri 'yan kwanaki bayan haihuwa.