Allurar maleji na kan 30, amma 30 ɗin me?

Motoci da yawa da ke yawo a titunan Kano, Kaduna da Maraɗi an fara hawansu ne a Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Legas ko Kwatano. Mai saye yakan duba inji da giya da fenti, ya buga taya da ƙafa, ya biya kuɗi. Da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya karanta ƙananan haruffan da ke jikin maleji. To a nan gizo ke saƙar. Amurka da mil take auna gudu, mu kuwa da kilomita muke yi, kuma allunan da ke gefen titunanmu duk da kilomita suke magana.

A irin waɗannan motoci, manyan lambobin da ke zagaye da maleji na mil ne a sa'a, za ka ga an rubuta MPH. Na kilomita kuwa ƙanana ne, an cusa su daga ciki da rubutun km/h, sai mai ido ke ganinsu, balle da dare. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.609, kamar yadda ƙasashe masu amfani da shi suka daidaita a 1959. Kenan direban da ya ga allura a kan babban 30 yana tafiyar kilomita 48 ne, wanda ya gan ta a kan 50 kuwa ya taka kilomita 80. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, wato mil 31 kacal. Mutum zai iya rantsuwa bai wuce ƙa'ida ba, kuma ba ƙarya yake yi ba, layin da ba nasa ba yake karantawa.

A kan babbar hanya direba yakan ji a jikinsa cewa gudu ya yi yawa. A cikin unguwa ne abin ke ɓoyewa, domin talatin ƙaramar lamba ce, tana kwantar da hankali. Sai a yi lissafi. Motar da ke tafiyar kilomita 30 tana cin mita takwas da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Mai tafiyar mil 30 tana cin fiye da mita 13. A ce yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo a ƙofar makarantar Islamiyya, direba kuma ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta bar totur ta hau birki. Idan kwalta a bushe take, taya da birki kuma lafiyarsu ƙalau, mota ta farko za ta tsaya cak bayan kamar mita 13. A daidai wannan wurin da ta tsaya, ta biyu yanzu ne ma take fara taka birki, da cikakken gudunta. Gaba ɗaya sai ta ci kusan mita 26 kafin ta tsaya. Dalili kuwa shi ne nisan jan birki da ƙarfin karo ba sa ƙaruwa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, su sau huɗu suke ninkawa. Saboda irin wannan ne taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a wuraren da motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. A malejin mil, wannan bai kai 20 ba, allura za ta tsaya ne a wajen 19.

Lissafin da ka ba wuya. Daga mil zuwa kilomita, ɗauki lambar, ka ƙara mata rabinta, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma nata. Mil 20: ashirin da goma da biyu, kilomita 32. In za ka juya, ka tuna kilomita takwas mil biyar ne: 40 ya zama 25, 80 ya zama 50. Ba a cikin cunkoson 'yan a-daidaita-sahu ake wannan ƙirga ba, tun a gida ake haddace lambobi uku ko huɗu. Motocin da malejinsu na allon lantarki ne, galibi ana iya sauya musu ma'auni a wurin saiti, mai gyaran wayarin zai yi maka cikin ɗan lokaci. A ganina dillalai ne ya kamata su riƙa nuna wa mai saye wannan tun a wurin ciniki, amma kada ka jira su. Lambar da ke ƙirga nisan tafiya ma da mil take: motar da ta nuna 100,000 ta haura kilomita 160,000, kuma da wannan ake sanin lokacin juye.

Manoma ma abin ya shafe su, sai dai ta wata fuska. Takardun injin feshi da aka ƙera don kasuwar Amurka sukan ba da gudun tarakta da mil. Idan takarda ta ce mil huɗu, kilomita 6.4 ake nufi. Direban da ya bi gona da kilomita huɗu ya yi jinkiri, kuma tun da bakin feshi ba ya rage abin da yake fitarwa, kowace hekta za ta sha magani fiye da ƙa'ida da kashi 60 cikin ɗari. Ga asarar kuɗi, ga yiwuwar ƙona shuka, ga saura a cikin ƙasa. Wanda ke son tabbatarwa ya auna mita 100 a gonar, ya kafa sanda a kowane ƙarshe, ya duba agogon wayarsa: a kilomita 6.4, tarakta za ta ci wannan tazara cikin daƙiƙa 56. Idan ta ɗauki daƙiƙa 90, kilomita huɗu take yi, sai a sauya giya kafin a zuba magani a tanki.