Ambaliyar Maiduguri: Abin da Rana ke Maidowa da Abin da ya Tafi Ke Nan

A wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri irin mamayar da rabon birnin da ganinta tun 1994. Ya ratsa Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Da ya janye, sai unguwanni suka koma wurin shanya: katifu, tufafi, buhuna da takardu, kowa na fatan rana ta maido masa da kayansa. Wasu ta maido, wasu kuwa sun tafi ke nan.

Masana kimiyya sun kasa sauyin da ke samun kaya gida biyu. Akwai wanda siffa kawai yake taɓawa. Rigar da ta jiƙe tana bushewa ta koma yadda take. Gishirin da ya narke a kwano yana sake fitowa in ruwan ya ƙafe. Akwai kuma wanda ke haifar da sabon abu, wanda ba ya komawa asalinsa.

Siminti na cikin kashi na biyu. Taurinsa ba bushewa ba ce. Ruwa ne ke haɗuwa da sinadaransa su zama wani abu dabam. Buhun da ya sha ruwa ya daskare, ko an daka shi ya koma gari, ba zai sake riƙe bulo kamar da ba. Haka ƙarfe: in danshi da iska suka haɗu a kansa sai ya yi tsatsa, kuma kankarewa ba ta maido da abin da ta ci. Masara da gyaɗa sun fi haɗari, domin fumfunar da ke kama su tana iya barin guba mai suna afulatoksin, wadda shanya ba ta kawar da ita, girki ma ba ya kashe ta.

Takarda ce ke tsaye a kan iyaka. Jiƙewarta mai gyaruwa ce, amma wa'adin gajere ne. Masu adana kayan tarihi suna ƙiyasta cewa cikin kamar awa 48 fumfuna ke fara cin takarda mai danshi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Tun bayan ambaliyar birnin Fulorens na Italiya a 1966, wadda ta jiƙa ɗimbin littattafai, ilimin ceton takardu ya bunƙasa. Daga cikin dabarunsa akwai sanya jiƙaƙƙen fayil a firiza, domin sanyi yana dakatar da fumfuna da zubar tawada har a sami sukunin busar da shi a hankali.

Nan ne darasin ya shafi ma'aikacin gwamnati. Takardar kama aiki, fayil ɗin fansho da shaidar mallakar fili su ne hujjar mutum a gaban hukuma, amma sau da yawa a kantar ƙasa suke a ɗakin ajiya. Kujera da labule za su jira mako guda. Fayil, hatsin agaji da siminti ba sa jira. Kafin damina, su ne suka cancanci kantar sama, tare da kwafi a kwamfuta da ke wani gini dabam.