Hunturu: Haɗarin gasa taya da wuta a wuraren faci na Birnin Tsaba

Duk direban da ya taɓa kai taya wurin mai faci da sanyin safiyar Disamba ko Janairu ya san wannan jiran. Taya ta kwana a waje, iskar hunturu ta buge ta, robar ta sandare kamar busasshiyar fata. A sa liba a danna, bakinta ya ƙi hawa wili.

A Birnin Tsaba da ke Ƙaramar Hukumar Zurmi, jiran ba ƙaramin abu ba ne. Direban da zai kai fasinja Ƙaura Namoda, ko ya ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, lissafinsa ɗaya: ya je ya dawo da sauran rana, saboda 'yan bindigar da suka addabi hanyoyin yankin. Sai ya tsaya a kan mai faci yana azalzala. Shi kuma ga wutar jin ɗumi a gefe, sai ya jingina tayar kusa da ita.

Daga nan ɓarnar take farawa.

Bakin taya zoben wayar ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba. Idan robar ta yi tauri aka tilasta ta da liba, takan yage, kuma a tayar da ba ta da tub wannan yagewar ce ke sa iska ta riƙa zurarewa a hankali. Don haka mai faci yana da gaskiya da yake son ta yi laushi. Matsalar ita ce wuta gefe ɗaya take gasawa. Wurin ya ƙone, mannewar roba da wayoyin ciki ta yi rauni, ido kuma ba ya gani. Sai mota ta ɗauki buhunan gero da mutane, rana ta take, sannan raunin ya bayyana a inda babu mai son tsayawa.

Idan tayar na kan wili da iska a ciki, abin ya fi muni. Zafi na ƙara ƙarfin iskar, robar ciki kuma na iya fara fitar da iskar da ke kamawa da wuta, har tayar ta tarwatse ko bayan an janye ta daga wutar. Dalilin ke nan da ake hana walda a jikin wili matuƙar taya na kansa. Dabarar nan ta watsa fetur cikin taya a ƙyasta ashana don bakinta ya zauna kuwa, a ganina wasa da rai ne kawai.

A Kanada da Rasha, inda sanyi ke daskarar da ruwa, cikin ɗaki mai ɗumi ake ajiye taya na sa'o'i kafin a ɗora ta. Namu sanyin bai kai can ba. A shimfiɗa ta a rana kamar rabin sa'a, a juya ɗaya gefen, baƙar roba ba ta jimawa take shan zafi. In sammako za a yi, ta kwana a ɗaki, ko a zuba mata ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a tsane cikinta. A shafa ruwan sabulu a bakinta. Ban da baƙin mai, domin yana cin roba.

Wajen hura iska, masu ƙera taya na gargaɗin kada a wuce PSI 40 don bakin ya zauna. In ya ƙi, a sace iskar, a sake shafa sabulu, mai hurawa kuma ya tsaya a gefe, kada ya sunkuya a kanta. Awon iska da safe ake yi kafin mota ta yi tafiya, domin duk saukar zafi da digiri 5 zuwa 6 kan rage kusan PSI 1.

Akwai kuma tayar da ko ta wuni a rana ba ta laushi. Wannan tsufa ne, kuma ya fi yawa a tayoyin gwanjo. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefenta: 3519 na nufin an ƙera ta a mako na 35 na shekarar 2019.