Babi na Bakwai: Wa Ke Sa wa Taswira Suna?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa tauraron ɗan Adam ne ke zana taswirar da ke cikin wayarsu, har da sunan unguwa da na masallacin Juma'a. Sam ba haka ba ne, kuma abin takaici har masu ilimi suna maimaita wannan magana. Tauraro hoto kawai yake ɗauka, hoton ma sau da yawa ya kwana biyu. Yana ganin rufin kwano da burtalin shanu, amma bai san ko ruga ce ko tsangaya ba, balle ya san sunanta. Suna kam sai mutum ya taka da ƙafarsa ya tambayi mai unguwa.

A kan wannan tunani aka gina taswirar intanet ta OpenStreetMap. Steve Coast ya fara ta a Ingila a 2004, lokacin da hukumar safiyon ƙasar, Ordnance Survey, ba ta sakin bayananta kyauta. Kowa na iya yin rajista ya zana titi, ya gyara kuskuren wani, kowa kuma na iya ɗauka ya yi amfani. Da girgizar ƙasa ta auka wa Haiti a Janairun 2010, masu aikin sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suka zana titunan Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu aikin ceto suka bi.

Amma labarin da ya fi burge ni a nan gida ya faru, a yaƙi da shan inna. Da can masu rigakafi da taswirar hannu suke fita, wadda aka zana da biro a takarda. Sai ka ga ƙauye yana kan iyakar mazaɓu biyu, wannan ayari ya ce na wancan ne, wancan ma ya ce na wannan ne, yaran ƙauyen su tashi a tutar babu. Daga wajejen 2012 aka sauya salo a Kano da maƙwabtanta, tare da ƙungiyoyi irin su eHealth Africa. Aka ciro kowane gungun gidaje daga hoton tauraro, aka tura mutane su ɗauko sunayensu, sannan aka ba ayarin rigakafi wayoyi masu nuna inda suka bi. Da yamma sai a ɗora sawunsu a kan taswira, ƙauyen da aka tsallake ya fito fili, washegari a koma. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, amma tana da kaso a shelar Agustan 2020, da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Tun da an ambaci waya: GPS, tsarin da ke nuna inda waya take, ba ya cin data. Wayarka ba ta aika wa tauraro komai, sauraro take yi, ta auna nisanta daga aƙalla taurari huɗu da ke sama da kilomita 20,000 daga ƙasa. Lissafin ba na wannan babi ba ne.

Sauran magana ta hukuma ce. A Mayun 2000 Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan, a 2008 kuma ta saki hotunan taurarinta na Landsat kyauta. Amma ma'aikatar da har yau ke kulle taswirar mazaɓu a kabad, sai an rubuta takarda an jira sa hannu, masu rijiyar burtsatse da masu rigakafi take wahalarwa.